Rumbun Kawu Sale

Duk wanda ya san Kawu Sale na Mairuwa ya san ba ya buɗe baki sai ya ɗan bubbuga tumbinsa tukuna. Rumbu yake kiransa. In ka ce, "Kawu, ina kwana?" sai ya ce, "Lahiya lau, ni da Rumbu." Ka kuskura ka tashi ba ka tambayi Rumbu ya ya kwana ba, to ba ka da tarbiyya. Ni ɗan ƙanwarsa ne, na sha wannan faɗan har na haddace shi.

Ranar kasuwar Faskari kuwa, mai tsire na hango shi zai fara ware kitse gefe. "Tsoka ta masu wahala ce," in ji Kawu. "Zubo mani mai ƙyallin nan!"

Ana nan sai haki ya kama shi. Rakiyar baƙo zuwa ƙofar gida ma sai ya dafa bango. Da ƙyar na lallaɓa shi muka je asibiti a Ƙanƙara. Likita ya gwada jini, ya saurari ƙirji, ya ce, "Alhaji, kitsen cikin nan ba zaman banza yake ba. Shi ya tayar maka da suga da hawan jini. Zuciyarka ta zama jakin da aka yi wa lodi ya wuce kima."

Kawu ya shafa Rumbu. "Jakin ya kawo maka ƙara ne?"

"Hakin nan da kake yi, shi ne ƙarar."

Har muka iso gida yana mita: "Ka ga wuyan yaron nan kuwa? Ramamme ne. Hassada ce kawai!"

Matarsa, Hajiya Abu, ita ta gama da shi. Ta jawo autarsu Safiya, wadda a lokacin ko izu guda ba ta haɗa ba, ta tsayar da ita a gabansa. "Alhaji, kai ka ce sai ka ga saukar ɗiyar nan. To zaɓi, ko ita ko Rumbu." 

Tun daga ranar Kawu ya jingine babur, ya koma zuwa gona a ƙafa. Malmalar tuwo ta ragu, kitse ya zama tarihi, shayi babu suga, yana sha yana zaginsa da ruwan wanke kofi. Haki ya tafi, Rumbu ya sace.

Kai jama'a! Sai gari ya ɗauka. Alhaji ya rame, ko kasuwa ce ta karye? Wani amininsa ya taso takanas daga Sabuwa, fuska kamar mai ta'aziyya: "In ciwo ne a hwaɗa mana, in karaya ce a taimaka." Wannan ya fi wa Kawu ciwo fiye da rashin tsire. Sai ya samo dabara: ya riƙa ɗaure matashin kai a ƙarƙashin babbar riga. Mutunci ya dawo, gaisuwar Rumbu ta dawo.

Ran wata Juma'a, liman ya yi ruku'u, igiya ta kwance. Tim! Matashi ya faɗo gaban sahu. Wallahi kafaɗun mutanen da ke gefensa rawa suke yi don danne dariya har aka sallame. Kawu ya ɗauki abinsa, ya kakkaɓe, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Mi kuke kallo? Wanga Rumbun dai likita bai hana ba."

Ya ga saukar Safiya. Shi ne a gaba, a ƙafa, yana ta rabon gumba babu haki, har ya goyi ɗanta na fari daga baya.

Ranar da muka ɗaga makararsa, na ji ta sakayau a kafaɗata, sai hawaye ya ƙwace mini. Na san abin da ya sauke, na kuma san don wa ya sauke shi. Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya haskaka kabarinsa, ya sa mizaninsa ya fi Rumbu nauyi. Amin.