Gwaggo ta zo mini jajen jarrabawa

Ina wanke farin yunifom ɗina sai ga Gwaggo, yayar babanmu, a kan acaɓa tun daga Toranke har Gaya. Wai jaje ta zo yi mini, ta ji na faɗi jarrabawar magunguna a makarantar koyon jinya.

Ta zauna ta rafka tagumi kamar an yi rasuwa.

"Ashe abin da ya faru ke nan? Sannu, 'yar nan. Ki haƙura da bokon nan, ki kama ɗinki."

Na ci gaba da wankina. Can sai ta miƙo hannu. "Ɗauko abin awonki ki duba jinina, kaina ke sarawa."

Na ce, "Gwaggo, wadda ta faɗi?"

Ta ce, "Yo wa nake da shi in ba ke ba?"

Na auna ta, na shanya yunifom ɗina inda kowa zai gani. Jarrabawa na faɗi, ba mutuwa na yi ba, kuma wallahi sai na sake rubuta ta.

Masu shirin zuwa jaje, ku dakata sai ranar barka. Cikinku wa aka taɓa yi wa irin wannan jajen?