Ranar da Inna Habsatu ta Kira Sunan Ɗanta

Inna Habsatu mai ƙuli-ƙuli ta yi abubuwa da dama a Matamaye da suka isa a tuna ta da su. Man gyaɗarta ya shiga tukunyar kusan kowane biki a unguwarsu, kuma ta taɓa korar ɓarawon akuya da muciya har bakin titi. Amma da yake mutane ba su da adalci, abin da suka riƙe shi ne ranar da ta tsaya a tsakiyar tasha, da farantin ƙuli a kanta, ta buɗe murya iya ƙarfinta ta ce, "Zakari!"

Wanda ya waiwayo wani baƙo ne mai sayar da tabarmi daga Dawce, da gashin baki kamar tsintsiya. Ya dube ta cikin ladabi ya ce, "Baba, ni Mamman ne." Farantin ya zame, ƙuli ya watse a ƙasa, awakin tasha suka yi walima. Ba faɗuwar farantin ce ta sa tasha ta yi tsit ba. Zakari ɗanta ne na fari, kuma tun ranar da liman ya raɗa masa suna ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta.

Inna Habsatu mutuniyar dā ce, irin waɗanda suka ɗauki kunyar ɗan fari kamar farilla. A bakinta shi "mutumin" ne, in ta ji haushinsa ya zama "wancan". Ko zakara ba ta kiransa zakara, sai ta ce mijin kaza, wai kada harshe ya zarce. A wani ƙauye kusa da Kance aka haife ta, aka kawo ta gidan Malam Isufu mai noman rake tana yarinya. Da ta yaye yaron, uwar miji ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, kamar yadda aka saba. Daga nan sai kallo daga nesa. In ya faɗi a tsakar gida ba ita ke fara ɗaga shi ba, sai dai ta daka gyaɗar da ƙarfi fiye da kima har wani ya ɗaga shi. In ta soya ƙuli takan ware masu ƙauri-ƙauri a ƙwarya ta ce "na yara ne", alhali duk gidan an san yaro ɗaya ne ke son mai ƙauri.

Malam Isufu ya rasu, 'ya'yanta mata suka yi aure suka watse, Zakari ya bi sahun mazan garin. Da an kai gero rumbu sai ya ɗaure jaka ya ƙetara Najeriya cin rani, da hadari ya fara haɗuwa a gabas sai a gan shi ya dawo da atamfa da sabulu da tsamin jiki. Wata shekara hadari ya haɗu, ruwa ya sauka, aka yi shuka, bai dawo ba. Wani ya ce ya gan shi a Fatakwal, wani ya rantse a Legas ne, wani ya ce mai kama da shi ne. Abin da ya bari a gida jar akuya ce guda. Akuyar ta haihu, 'ya'yanta suka haihu, har garke ya cika bayan ɗaki. Inna Habsatu ba ta taɓa cewa nata ba ne. Awakin mutumin ne, ita riƙo take yi. Sai ciwo ko yunwa ta matsa take sayar da ɗaya, ta kuma ce bashi ta ci.

Saboda shi ta sayi waya. Ba ta iya karatu ba, amma ta sa an rubuta mata nimeron, wato lambar wayar, duk mai tafiya kudu sai ta ba shi, da ƙullin ƙuli na hanya. Nimeron Inna Habsatu ya fi na sarkin tasha yawo a duniya.

Kullum da safe wayar na zuwa rumfar Cha'ibu mai sharji. Cha'ibu sa'an Zakari ne, tare suka yi tura ruwa a Fatakwal kafin gwiwa ta dawo da shi gida. Yanzu yana zaune gaban wani allo mai wayoyi rataye kamar kifi a shanya, yana fama da jama'a. Kuran, wato lantarki, ya ɗauke, a ce shi ya ɗauke shi. Rezo, wato sabis na waya, ya gudu, a zo a tsaya masa a ka wai ya dawo da shi. Wani ya kawo waya mai fasasshen gilashi ya dawo da yamma ya ce lafiya lau ya kawo ta. Tsofaffi kuma su miƙo tasu su ce, "Nemo mini yaron nan," ba suna, ba nimero, sai ka ce shi ya haifa musu. Duk cikin masu ba shi wahala Inna Habsatu ce kaɗai ba ya karɓar kuɗinta. Tambayarta ɗaya ce in ta zo ɗauka.

"Ta yi kuka?"

"Ba ta yi ba, Inna."

"To ka duba mata ciki da kyau. Wataƙila kai ne ba ka ji."

Sai ga shi wani rani wayar ta fara kuka. Cha'ibu ya lura Inna ta daina barin ta a rumfa, sai ta zauna a benci ta jira ta sha wuta, ta soke ta a ƙugu ta tafi. Fuskarta ta yi wani haske, ta kuma rame. Bai tambaya ba, don ba a tambayar tsohuwa abin da ba ta faɗa ba.

Ranar kasuwa da hantsi ya ɗaga kai ya gan ta tafe tana jan garken gaba ɗaya da igiyoyi, har da tsohuwar jikar jar akuyar nan da ba ta da haƙori. Awakin suka cika masa rumfa, ɗaya ta fara tauna igiyar sharjin wani malami.

"Inna, ƙaura kike yi?"

"Turke zan kai su in sayar. Kai kuma ka zauna kusa, in na dawo za ka raka ni wurin masu aika kuɗi."

"Aika wa wa?"

Ta dubi gabas ta dubi yamma, ta rage murya. "An ga mutumin."

Da farko Cha'ibu ya yi murna. Sai ta ba shi labari. Wani bawan Allah ne ya kira daga Fatakwal, ya tambaya ko tana da ɗa a Najeriya. Ya ce mota ta buge ɗan nata, yana kwance a asibiti, an ɗaure masa muƙamuƙi ba ya iya magana. Likitoci sun ce sai an biya za su yi aiki, yau ne kuma ƙarshe. Yaron kirki ne mai kiran, kullum sai ya gaishe ta, ya tambayi ƙafarta, ya ce ɗanta ya yi hawaye da aka ambace ta.

Cha'ibu ya fara zargin damfara ce. A Matamaye ka kira kowace waya ka tambaya ko akwai ɗa a Najeriya, ai ko wayar liman ce za a ce akwai. Ya dubi awakin, waɗanda su ne cinta, su ne maganinta, su ne kuma abin da take shirin nuna wa mai su ranar da ya shigo. Ya dubi fuskar nan mai haske. Ya rasa wanne zai fi ciwo a raba ta da shi.

"Inna, shi mai kiran, wane suna ya ce miki?"

"Na wa?"

"Na mara lafiyar."

"Ya ce ɗana."

"Sunan fa?"

"Kai Cha'ibu, yaron yana da tarbiyya. Zai kama mini suna a kunne?"

Kafin ya amsa, wayar ta yi kuka a ƙugunta. Cha'ibu ya roƙe ta, ya karɓa, ya buɗe muryar yadda kowa zai ji. Ya yi sallama ya ce shi ƙanin mara lafiya ne, kuɗi na hanya, amma masu aikawa sun ce sai da cikakken sunan wanda ke kwance.

Muryar ta yi taushi kamar man shanu. "Ai gara Mama ta faɗa da bakinta, don mu tabbatar ita ce mahaifiyar. Ka san duniya ta lalace. Mama, kina ji? Faɗi sunan ɗanki."

Rumfar ta cika da masu jiran waya, har da Shekara mai rake, taubashinta, wanda tun suna yara bai bar ta ta huta ba. Inna Habsatu ta buɗe baki. Cha'ibu ya ga sunan ya taso mata har maƙogwaro. Ta haɗiye shi.

"Ni? A gaban mutane?" ta ce. "Ɗan fari ne fa, yaro. Kai da ke zaune gefen gadonsa, faɗa mana."

"Mama, lokaci na tafiya, likita na tsaye."

Cha'ibu ya matso da bakinsa. "Bari in taimake ka, ɗan'uwa. Hashimu ne, ko ba shi ba?"

"Yauwa! Hashimu! Ga shi nan ma ya ɗaga hannu da ya ji."

Ba wanda ya yi dariya, ko Shekara. Inna Habsatu ba ta taɓa haihuwar Hashimu ba. Ta daɗe tana kallon wayar a tafin Cha'ibu, sannan ta miƙa hannu ta karɓa. Jama'a suka gyara tsayuwa, don an san bakinta in ta fusata.

"Yaro," ta ce a hankali, "na gane ba ka san shi ba. Ba komai. Amma tunda a can kake, ka ɗan riƙa dubawa. Dogo ne, baƙi, yana da tabon ƙuna a hannun hagu, wurin kaskon suya ya samu. In yana tafiya yana ɗan karkata kafaɗa kamar ubansa. In ka gan shi ka ce awakinsa sun yi yawa, igiya ta ƙare mini."

Can aka kashe tun tana tsakiyar magana. Ita dai sai da ta kai ƙarshe.

Ta tattara igiyoyinta ta juya gida. Washegari aka gan ta a rumfar wani mai sharji a can bayan masallaci. Cha'ibu ya aika mata da goro, ta mayar. Ya je da kansa ya durƙusa a ƙofar ɗaki, ta bar shi a nan har ƙafar mai ciwo ta sage, sannan ta yi magana daga ciki.

"Na san ka cece ni. Amma da ka bari ya ƙara kira ko sau biyu. Shi kaɗai ne ke ce mini yana da rai."

Abin da Cha'ibu ya iya shi ne ya ɗauki tabon hannun da karkatar kafaɗar ya riƙa faɗa wa duk ɗan cin ranin da ya kawo masa waya. Ita kuwa ta dawo rumfarsa da kanta bayan wancan mai sharjin ya musanya mata batir da wani kumburarre. Ta ajiye wayar a kan allo ta ce gara azzalumin da ta sani. Tambayar ma ta dawo, amsar ma ta dawo.

Sai dai Cha'ibu ya lura da wani abu. Tun ranar da sunan ya taso mata ta haɗiye, kamar bai koma mazauninsa ba. Yakan ga bakinta na motsi in tana zaune a benci, ba kuma tasbihi ba ne. Da hadari ya fara haɗuwa, motoci suka fara sauke 'yan cin rani da katifu da rediyoyi, ta mayar da tallarta tasha, ita da ta ce hayaƙin mota na sa ta tari. A nan ne ta hango wani dogo daga baya, ya saɓa tabarmi, kafaɗa a karkace. Abin da ya biyo baya kowa ya sani.

Shekara bai bar maganar ta kwana ba, kuma bai bar ta ta tsufa ba. Ko kwanan nan, tana zaune a rumfar Cha'ibu tana jiran waya, ya zo wucewa da amalanken rakensa ya tsaya.

"A'a, ga mai kiran sallar tasha! Habsatu, kunyar da kika tara tun muna da haƙora, kika zubar wa mai tabarmi a rana ɗaya. Ko ragi bai yi miki ba."

"Wuce, tsohon banza, rakenka duk ƙwari."

"To ni dai tambaya nake. Ba ki ji nauyi ba?"

Inna Habsatu ta gyara ɗaurin kallabinta, ta dubi hanyar da motocin kudu ke shigowa.

"Na ji mana," ta ce. "Amma Shekara, ashe sunan da daɗi a baki. Ni da na haife shi, ni ce ta ƙarshen ɗanɗanawa. Ku dai ku yi ta dariya. In na sake ganin mai irin kafaɗar nan, wallahi sai na ƙara."