Kulu Mai Gumi da Kwalbar da Jini Ya Daskare

Kulu ta girma a Zauro, inda kusan kowane gida ke noman shinkafa a fadama. Tun tana budurwa take turara shinkafa ta shanya, ta kai gumin, wato turarriyar shinkafar, kasuwar Birnin Kebbi. Da ta auri Hodi, manomin albasa, suka koma unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi, ba ta bar sana'ar ba.

A shekarun da Birnin Kebbi ke ƙarƙashin Jihar Sakkwato ne wuyanta ya fara kumburi. Maƙoƙon bai dame ta ba, don mayafi na rufe shi. Abin da ya dame ta rawar hannu ce. Ta rame, zuciyarta na bugawa ko tana zaune. Wata rana tukunyar shinkafa mai zafi ta kuɓuce mata, ta ƙone ƙafa. Hodi ya ce ta bar murhu har abada. Ta ce sai dai likita ya faɗa.

Da suka je asibiti, likitan ya ce ba zai ba ta magani ba sai an auna jininta, kuma awon maƙoƙo a Sakkwato ake yinsa. Ma'aikacin ɗakin awo, Dikko, ya ɗebi jinin ya raba kwalba biyu. Ta farko akwai ɗan farin gari a gindinta, wanda ke hana jini daskarewa, da ita ake duba yawan jini. Ta biyu ba komai a cikinta. A nan ake son jinin ya daskare, ruwansa mai ɗorawa-ɗorawa ya taso sama, don shi ake aunawa a gane aikin maƙoƙon.

"Ɗana, ka bar mini na komawa gida," in ji Kulu, tana kallon allurar.

"Inna, ko sauro ya fi ni ɗiba," in ji Dikko.

A lokacin dangin mara lafiya kan kai saƙon da kansu. Dikko ya sa kwalaben cikin kula mai ƙanƙara ya miƙa wa Hodi. Bai yi masa bayanin bambancinsu ba, Hodi kuma bai tambaya ba.

Da mota ta tsaya a Argungu, Hodi ya buɗe kular ya duba. Kwalba ɗaya jininta na motsi, jajir. Ɗayar ta zama guda, ga ruwa a kai kamar nonon da ya kwana. Duk manomin albasa ya san ba a barin ruɓaɓɓiya cikin buhu. Ya cire ta ya jefa a kwata, ya kai mai kyan Sakkwato.

A can aka gaya masa wadda ya yar ita ake nema. Ta hannunsa ba za ta yi wannan awon ba.

Ya dawo ya faɗa wa matarsa a tsakar gida. Kulu ta juyo ta dube shi.

"Malam, jinin nawa ka zubar a kwatar Argungu?"

"Ya lalace, na gani da idona."

"Kai da ba ka san dahuwar gumi ba, mi ka sani ga jini?"

Hodi ya ce a koma wurin Dikko, wannan karon ba zai ko taɓa murfin kular ba. Kulu ta ƙi. Ba ta taɓa wuce Argungu ba, amma da safe ta ɗaura zane ta shiga motar Sakkwato, Hodi na biye da ita. Ta ce jinin da ke jikinta dai ba mai iya yar da shi a hanya.

A ɗakin awo ta nemi a nuna mata gindin kwalbar kafin a soke ta. Ba gari a ciki. Ta miƙa hannu.

Awon ya nuna maƙoƙon na aiki fiye da kima. Aka ɗora ta a kan ƙwayoyi, rawar hannun ta lafa kafin girbin shinkafa na gaba. Kumburin bai tafi duka ba. Ta koma murhunta, kuma tana turara gumi har ta tsufa. Duk lokacin da aka buƙaci sabon awo, ita ke zuwa Sakkwato da ƙafarta. Hodi yakan raka ta tasha ya riƙe mata jaka, amma ba a sake ba shi kula ba.