Ƙullin Awon Hajiya

Shekara ashirin da biyu Mama ta yi tana ɗinki a Kurmin Sarki. Wata Lahadi muka dawo daga coci, ta ajiye jaka ta ce Ubangiji ya kira ta koyar da yara. Na ɗauka ajin Lahadi take nufi. Ashe firamare ce, aji ɗaya, a makarantar ikilisiyarmu da ke Maje. Karatun malanta da ta daɗe tana zuwa duk Asabar, da ma ba don ado take yi ba.

Shago ya dawo hannuna. Na iya taka keken ɗinki, amma ban taɓa yanka yadi ba. Yanka na Mama ne. Kuma ita ba ta rubuta awo. Kowace kwastoma tana da siririn ƙyallenta, guntun atamfar da ta fara kawowa, Mama ta ƙuƙƙulla shi: ƙullin kafaɗa, na ƙirji, na ƙugu, na tsawo. Haka matar da ta koya mata take yi. Ƙyallayen suna rataye a ƙusa bayan ƙofa.

Sati na biyu Hajiyar layinmu, wadda Mama ke wa ɗinki tun kafin a haife ni, ta kawo leshin bikin ɗanta. Ta ce za ta Minna, ran Juma'a za ta karɓa.

"Awona yana nan ai. In kin ɓata, 'yar nan, ni da shagonku sai gaisuwa."

Da ta tafi na duba bayan ƙofa. Ƙusa kawai.

Na hau Keke Napep zuwa Maje. Ta taga na hango Mama da alli har a goshi, yara kowa da ƙyalle a hannu, suna ƙirga ƙulli da ƙarfi. An wuce tarawa, ana kan ɗebewa. In an ɗebe ɗaya, sai a kwance ƙulli ɗaya. Na ga ƙyallen Hajiya a hannun wata yarinya, sumul.

"Mama, awon mutane ne fa!"

"Af," in ji ta. "To ai sun gane ɗebewa."

"Leshin Hajiya fa? Ki zo ki yanka, don Allah."

"Na bar wa wa su?" Ta juya ta raba wasu biyu da ke kokawa kan fensir. "Jikin Hajiya irin na shugabar zumuntar matan cocinmu ne, ki rage yatsa biyu a kafaɗa. Da yamma ma ba zan taɓa ba. In na yanka wannan, na gaba ma ni ce."

Na je gidan shugabar zumunta na auna ta, tana tambayata ko kyauta za a yi mata. Na dawo na shimfiɗa leshin. Na yi addu'a, na sake yi. Na ɗauki almakashi. Na yanka. Bayan nan na zagaya bayan shago na yi amai.

Ran Juma'a Hajiya ta shiga bayan labule. Na ji tana nishi. Ta fito, rigar ta kama ta a ƙirji sosai. Ta daɗe gaban madubi.

"Kin ga abincin Minna ko? Kwana huɗu kacal."

Ta nuna ƙirjin rigar.

"Ki saki nan kaɗan. Uwarki ma haka ta fara."

Na saki. Ta bar min atamfa biyu, ta ce babu sauri. Suna kan tebur a cikin ledarsu. Yau kwana tara ban buɗe ba.