Indararon Gidan Malam

Jiya jikata ta zo daga Tudun Wada ta ce ɗakin kudu na gidan hayarmu ya rufta da ruwan farko. Ban yi kuka ba. Malam na tuna, maigidana, Allah ya jiƙansa.

Ɗaki huɗu ya gina na ƙasa, da kuɗin masararsa da na man gyaɗata. Duk shekara kafin damina sai ya kafa tsani, ya hau soro da 'yan haya, su share indararo, su yaɓe tsaga. Har yau ina jin ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da makubar yaɓe a rigarsa.

Wani ma'aikaci ya taɓa zuwa neman ɗaki, kayansa sun sha guga. Da Malam ya gaya masa sharaɗin hawa soro, ya dubi tsanin ya ce, "Baba, ai kuɗi zan biya, ba ƙwadago na zo ba."

Malam ya mayar da mukulli aljihu. "Yaro, wanda bai san saman ɗakin nan ba, ba zai kwana a ƙarƙashinsa ba." Sannan ya ce in dama wa baƙo fura kafin ya tafi.

'Ya'yan da na haifa masa kuwa, dillali suka danƙa wa gidan, suna karɓar haya ta waya daga Kano. Sau uku ina aika musu zancen indararo, suna cewa, "Hajiya, ki huta." To na huta, ɗaki ma ya kwanta.

Allah ya yalwata makwancinka, Malam, ya kuma hana wannan labari isa gare ka.