Motar da Ba Ta da Kujerar Baya

Wata rana da hantsi, a wata tsohuwar unguwa a Jos, Hajiya Asabe tana tankaɗe a tsakar gida sai ta jiyo mijinta yana wanke motarsa a ƙofar gida.

Ta san dalili. Likita ya ce ganin idon Malam Tanimu yana ja da baya, lallai ya ajiye tuƙi. Washegari babban ɗansu zai zo daga Abuja ya karɓi makulli. Fitar yau ita ce ta ƙarshe.

Bari in gaya muku wace irin mota ce, don ba irin wadda kuka saba gani ba ce.

MG ce, ja, 'yar mitsitsiya, tsohuwar ƙirar Ingila. Kujera biyu rak. Rufinta na tamfol ne, ana naɗe shi baya kamar tabarma. Ga ta ƙasa-ƙasa, in ka zauna a ciki ka miƙa hannu sai ka taɓa kwalta.

An ƙera ta ne don ƙaramin ma'aikaci mai sha'awar motar tsere wanda ƙarfinsa bai kai na manya ba. Ƙaramin inji, jiki mara nauyi, ba wani ƙyale-ƙyale. Gudunta bai taka kara ya karya ba, amma duk kwanar da ta sha sai direba ya ji ta a tafin hannunsa. Abin da ya sa masoyanta ba sa iya rabuwa da ita ke nan.

Malam Tanimu yana ango ya saye ta a hannun wani Baturen kamfanin kuza da zai koma ƙasarsu. Don amaryarsa ya saya.

Amarya ta fito, ta zagaya mota, tana neman kujerar baya.

Babu.

A tarbiyyar da aka yi wa Asabe, matar aure in za ta shiga motar miji baya take zama, ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Yanzu ita ce za ta zauna kafaɗa da kafaɗa da shi, ba rufi, a wuce da ita ta ƙofar gidan surukai? Ina za ta kai bakin mutane? Ta ce a bari sai an kwana biyu.

Kwana biyun nan ne ya zama sama da shekara arba'in.

Ta hau tasi, ta hau a-kori-kura, ta hau jirgin Makka, amma ba ta taɓa ɗora ƙafa a cikin jar motar nan ba. Sunan da ta sa mata ma "abin wasan Malam". Da fari duk Sallah sai ya roƙe ta, daga baya ya haƙura ya daina. Kujerar gefensa ta ɗauki abokai, ta ɗauki buhun dankali, har ragon Layya ta taɓa ɗauka.

To ran nan ta ji ya tayar da inji. Inji na ta aiki, mota ba ta tafi ba.

Ta leƙa ta zaure. Ga tsoho ya ɗora hannu biyu a sitiyari, ya ƙura wa kujerar da ba kowa ido. Tausayinsa ya kama ta.

Ta kakkaɓe garin hannunta, ta yafa mayafi, ta fita.

"Malam, ta ina ake buɗe ƙofar nan?"

Ya dube ta ya ce, "Hajiya, mutane fa na kallo."

"Su kalla. Waɗanda nake jin kunya duk sun riga mu gidan gaskiya."

Da ƙyar ta zauna, gwiwa tana ƙara. Ya ja mota a hankali, suka fita gari suka kama hanyar Riyom.

Damina ce, an yi ruwa da safe. Hajiya Asabe ta ɗaga kai, ba rufi, ba komai tsakaninta da sama. A Jos aka haife ta, amma ba ta taɓa ganin sararin garin da faɗi haka ba. Ga duwatsu an ɗora wani kan wani, ga kore ko'ina, ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigo mata hanci. Titi kuwa dab da ita yake wucewa.

A hankali ta ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah."

Sai ta juya ta kalli mijinta. Tsohon da kullum yake lalube yana neman tabarau, yau ga shi ya miƙe zaune, hannunsa na sauya giya ba tare da ya duba ba, inji na amsa masa. Mamaki ya cika ta. Ashe duk zaman da suka yi akwai wani ɓangare na mutumin nan da ba ta taɓa gani ba, kuma a ƙofar gida yake ajiye.

Iska ta fizgi mayafinta. Ta cafke shi da haƙori, sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda rabonta da ita tun tana budurwa.

Ana kiran sallar azahar suka dawo. Ya kashe mota. Ita kuwa ko motsi ba ta yi ba.

"Malam, gobe ma mu koma."

Ya zare makulli, ya riƙe shi a tafin hannu yana kallo.

Sai a lokacin ta tuna cewa babu gobe. Ta ja mayafi ta rufe fuska, hawaye na zuba.

Darasi: Kunya abu ce mai kyau, amma wadda ta hana ka halal ɗinka asara ce. Mutanen da kake gudun bakinsu za su shuɗe, shekarun da ka ba su kuma ba za su dawo maka da su ba. In wanda yake ƙaunarka ya ajiye maka wuri kusa da shi, ka zauna tun yana iya kai ka.

Tura wa wanda ka daɗe kana ce wa "sai an kwana biyu", kuma ka yaɗa don wasu su amfana.