Teburin Inna na Katakon Jirgi

Ranar wata Litinin ce a farkon watan Nuwamba, shekarar da na shiga aji biyar, na dawo daga makaranta na tarar da Inna durƙushe a tsakiyar ɗakinta, ta fitar da komai waje: gado, akwati, kwanonin jere, har da randar da tun da na yi wayo ban taɓa ganin an ɗaga ta ba. Hannuwanta jawur da ƙasa, zufa na ɗiga daga haɓarta. Ba ta ko bari na gama sallama ba ta ce, "Balki, aje jakar ga ki sake karanto min wasiƙar ga." Sau biyu na karanta mata da safe kafin in fita. Daga Yelwa wasiƙar ta zo, wani mai jirgi ya kawo, mijin Yaya Rabi ne ya rubuto. Ya ce ranar Asabar za a kawo Yaya gida goyon ciki, kuma mahaifiyarsa, Hajiya, ita da kanta za ta rako ta.

Ƙauyenmu a bakin tafkin Kainji yake, ba nisa da Wara. Baba manomi ne, in rani ya yi kuma ya ɗauki taru ya shiga ruwa. Mu biyu Allah ya bar wa Inna, Yaya Rabi da ni, shekara tara tsakaninmu. Inna ba ta taɓa haɗa ido da Hajiya ba, domin uwar amarya ba ta rakiya, uwar ango kuma ba ta zuwa ɗauka. Duk abin da ta sani game da gidan surukan nan, daga bakina ta ji shi, kuma a nan laifina yake. Da dogon hutu an kai ni Yelwa na yi mako biyu. Lokacin Hajiya na Kontagora wurin wani ɗanta, amma na ga falonta: tebur mai sheƙi da kujeru shida kewaye da shi, labule har ƙasa, furanni na roba a cikin tangaran. Da na dawo bakina bai huta ba. Wata rana muna cin tuwo a kan tabarma na dubi tsakar gidanmu na ce, "Inna, mu kam gidanmu ba komi, kamar rumbun da anka kwashe." Ta ci gaba da cin tuwonta. Ni kafin gari ya waye na manta na faɗa. Ashe ita ta ajiye.

Makon nan kuwa tsakiyar kaka ne, lokacin da ko ɗan yaye ana neman hannunsa. An ɗaure gero an jingine, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran lauje, shinkafa a fadama tsuntsaye sun sa ta gaba. Amma Inna ta janye kanta daga aikin gona gaba ɗaya. Ta jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a tsohuwar tukunya, ta zuba tsakuwa da jar ƙasa, ta kama daɓe ita da maƙwabta biyu, ƙarar madaɓi tun hantsi har la'asar. Ta shafe bango da farar ƙasa, ta koma baya ta duba, ta ce bai yi ba, ta sake shafawa. Ta sa Baba ya yanko gamba aka saƙa sabuwar zana, aka gyara rumfar tsakar gida. Ba ta zama ta ci abinci, a tsaye take kai loma biyu ta aje. Baba ya gaji ya ce mata, "Haba, shimfiɗar fuska ai ta fi ta tabarma." Ta amsa ba tare da ta juyo ba, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ba za a raina min yarinyar ga a gidan miji saboda ni ba." Yarinyar ga ita ce Yaya. 'Yar fari ce, Inna ba ta kama sunanta.

Ni ma abin ya kama ni. A aji jikina na kan benci, hankalina na gida. Malam ya kira sunana sau uku a darasin lissafi kafin in ji, har sai da ya buga tebur da bulala. Da aka fita tara ƙawayena suka zana 'yar gala-gala a ƙarƙashin dalbejiya, na jefa dutsena ya faɗa kan layi, na sake jefawa ya fita waje, na bar musu wasan. A carafke ma duwatsun zubewa suke daga bayan hannuna kamar ban taɓa yi ba. Ana tashi nake sheƙawa da gudu, domin kullum akwai aike na jirana. Yau in je bakin ruwa in tsinto ɓawon kumba, masu faɗi waɗanda cikinsu ke ƙyalli, in wanke da toka. Gobe in zaga gonar Baba in zaɓo zangarniyar kaura da ta farfara, ja da fara, waɗanda tsuntsu bai taɓa ba. Jibi in tsinko zoɓo, in zauna in ta sarƙa shi a zare har yatsuna su rine. Abin da na kawo, rabi Inna za ta ture gefe ta ce in koma.

Ranar Laraba ta fito da maganar da na san ni na shuka ta. Ta ce sai an samo tebur. Duk ƙauyen tebur ɗaya na sani, na shugaban makarantarmu, na kuwa ce a je a aro. Ta harare ni ta ce, "Kayan aro ba ya rufe katara." Baba ya sosa gemu, sannan ya tashi ya fita. Can sai ga shi da wani faffaɗan katako a ka, daga tsohon jirginsa da ya daɗe a kife a bakin ruwa. Ya kankare shi da wuƙa, ya goge da yashi, muka wanke shi sau uku don ƙarnin kifi ya fita. Aka kife turmi biyu a ƙarƙashin rumfa aka ɗora shi. Turmi ɗaya ya fi ɗaya tsawo, teburin ya karkace, aka cusa dutse, ya karkace ta ɗaya gefen. Mun fi awa muna wannan fama kafin ya tsaya. Inna ta shimfiɗa sabuwar tabarmar kaba a kai, ta jera kujerun tsugunno huɗu a gefe.

Da hantsin Asabar gidanmu ya zama wani gida. A saman kowace ƙofa an ɗaure zangarniyar dawa, ja a tsakiya, fara a gefe da gefe. Masarar da Inna ta kitsa da ɓawonta ta sauko daga ginshiƙan rumfa kamar kitson amarya, zaren zoɓo da na jan barkono sun zagaye ta. A bango ta kafa faya-fayai masu launi, manya a sama, ƙanana a ƙasa, ta bi gindin bangon da ɓawon kumba. A kan teburin akwai kabewa uku, sabbin ƙoƙuna da ludaya, ɗan damin shinkafa da ba a sussuke ba, da wata ƙwarya cike da ruwa, furen bado uku na iyo a ciki. Tun da sassafe na shiga ruwa har ƙugu na tsinko su. Na tsaya a bakin zaure ina kallo, kunya ta kama ni, ban san ta mece ce ba.

Daga nan sai jira. An ce jirgin zai iso kafin azahar. Aka yi azahar ba jirgi. Tuwon sabuwar shinkafa ya huce a akushi, miyar taushe da kifi aka sake ɗora ta a wuta, aka sauke, aka sake ɗorawa. Sau nawa na ruga bakin ruwa na dawo, ni ma ban sani ba. Duk ƙarar injin da na jiyo sai in ce su ne, sai in ga masu itace ne ko 'yan kasuwa. Kaji suka gano shinkafar kan tebur, na zama mai gadi da kara a hannu. Furannin bado suka fara rufewa. Inna ta ɗauke kabewar dama ta mayar hagu, ta dawo da ita, ta canza zani, ta koma na farko. Daga baya ma ta daina maganar ado, ta tsaya a bakin zaure tana duban hanyar ruwa, leɓunanta na motsi. Mai tsohon ciki ce a cikin jirgin nan.

Sai bayan la'asar suka iso. Inji ne ya mutu musu a hanya. Na riga kowa ganin Yaya, ta yi nauyi, tana takawa a hankali, hannunta riƙe da hannun wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai farin mayafi. Na ɗauka Hajiya ce ke tallafe da Yaya. Sai da suka zo bakin zaure na ji Yaya na cewa, "Hajiya, a ɗaga ƙafa, akwai dokin ƙofa," na dubi fuskar tsohuwar. Idanunta duka biyu yanar ido ta rufe su, fari fat. Shekara guda ke nan ba ta gani, Yaya kuwa ba ta taɓa faɗa ba, don ba a ba da labarin lalurar suruka.

Na juya na dubi Inna. Ta tsaya a tsakiyar adonta na kwana biyar, hannunta ɗaya a ƙirji. Ta dai daure ta durƙusa ta yi maraba, aka gaisa, aka tambayi hanya. Wajen zaunar da baƙuwa gwiwar Hajiya ta bugi katakon, dutsen da muka cusa ya zame, kabewa ɗaya ta gangaro ta faɗa mata a cinya. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Hajiya ta rungumi kabewar, ta shafa ta, ta ƙwanƙwasa ta da yatsa kusa da kunne. Sannan ta ɗaga kai ta ja numfashi mai tsawo.

"Makuba nike ji," ta ce. "Sabon daɓe anka yi?"

"Ɗan gyara ne, Hajiya," in ji Inna, muryarta can ƙasa.

"Rabona da wanga ƙanshi tun ina budurwa, kafin ruwa ya ci garinmu. Ina ƙanwar Rabi? Zo nan, ɗiyata, kama hannuna ki zaga da ni."

Haka na zaga da ita gidanmu, kusurwa kusurwa. Ba ta bar ni na gaya mata sunan komai ba. Ta miƙa hannu sama ta murza zangarniya ta ce wannan kaura ce, waccan farfara. Ta bi kitson masarar da yatsu daga sama har ƙasa ta ce mai wannan hannu ta iya kitso. Ta gutsiri zoɓo ɗaya ta tauna ta yamutsa fuska. Ta durƙusa ta ɗauki ɓawon kumba, ta ce da irinsa suke kankare ƙwarya suna yara. Da muka dawo rumfa ta cusa hannu ƙarƙashin tabarmar, ta lalubi katakon, ta tarar da ramukan ƙusa a jere. Sai ta fashe da dariya har mayafinta ya zame. "Jirgi ne! Wallahi jirgi ne! Yini guda ina cikin jirgi, na iso kuma kun aje min tuwo bisa wani." Baba daga zaure ya tuntsire, Yaya ta rufe baki, Inna ma dariyar ta ƙwace mata, ta juya da sauri ta shige madafa. Na bi ta na tarar tana share ido da gefen zani. Na tsaya ina murza yatsu, na ce, "Inna, maganar da na yi rannan..." Ta ce, "Ɗauki akushin ga ki kai, kar ya ƙara hucewa."

Hajiya ta zo da niyyar juyawa washegari, sai da ta kwana uku. Ita da Inna suka wuni a rumfar nan suna ɓarar gyaɗa suna hira kamar tare suka tashi. Bayan mako uku Yaya ta haifi ɗiya mace. Kafin ranar suna kabewa ta shiga miya, awaki sun ja abin da bakinsu ya kai na masara, turame sun koma daka.

Yanzu a Birnin Kebbi nake aiki, a gidan haya mai siminti da fenti. Kaka na zuwa ta wuce ban sani ba, sai dai in ga sabuwar shinkafa a kasuwa in ce ashe an yi girbi. Gidanmu na ƙauye ma an yi masa siminti, Inna da Hajiya duk sun riga mu gidan gaskiya. In zan yi baƙi, mota nake shiga in je kanti, cikin awa guda in gama gyaran da ya ci wa Inna kwana biyar. Falon yakan yi kyau, baƙi su yaba, su zauna hannuwansu a kan cinya. Wani lokaci bayan sun tafi nakan zaga ɗakin ina duba kayana ɗaya bayan ɗaya, duk na gani ne, duk na saye ne. Babu ko ɗaya da zan iya ɗora wa wani a tafin hannu ya gane daga inda na fito.